Matar Auta A Bayan A-Kori-Kura

A gidan Baba abu uku ne ba a ɗaga wa murya: Baba da kansa, sai Umma, sai a-kori-kura. Tsohuwar mota ce fara, ko kuwa a ce ta taɓa zama fara, kuma ta girmi auren duk 'ya'yan gidan. Da ita Baba yake kai wa magina siminti da fenti da bututun ruwa. Ƙofar direba sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa, madubin hagu da waya aka ɗaure shi, amma tana da abu ɗaya da Baba yake tinƙaho da shi a gaban sa'o'insa, wato esi, na'urar sanyaya cikin mota. Yakan ce ko motar bara ba ta kama ƙafarta a sanyi ba.

To, esin nan ne ya soma wasa da hankalin mutane. Yanzu ya kawo, an jima ya ɗauke, babu sallama babu dalili. Gidan da ya saba kowane laifi yana da mai shi kuwa ba ya iya zama da laifi maraya. Dole a nemo masa uwa.

Matar Auta ce ta fi kusa da hannu. Sunanta na yanka tun ranar da ta shigo gidan aka rataye shi a bakin ƙofa, babu wanda ya sake waiwayarsa. Mijinta, autan Umma, yana aiki a wani gari mai nisa, sai bayan wata biyu ko uku yake leƙowa. Cikinta na fari ya shiga wata bakwai, nas ɗin asibiti kuma ta ce jininta yana hawa, don haka ta riƙa zuwa awo duk Litinin da Alhamis.

Baba da sassafe yake fita. Sai ya gama zagaye duk inda ake gini, rana ta take tsaka har ta soma karkata, sannan ya dawo ya danna hon a ƙofar gida. Kujerar gaba doguwa ce mai cin mutum uku: Baba a sitiyari, Umma a jikin taga, Matar Auta a tsakiya ta karkace ƙafafu saboda giya. Umma ba ta fashin rakiya, don a cewarta ba a barin mai ciki ta fita ita kaɗai. Shagon atamfar ƙawarta ma yana daura da asibitin, amma wannan dacewa ce kawai.

Ranar farko suna shiga cunkoson babban shatale-tale aka ji wani ɗan sauti a gaban motar, ƙas, sai iskar ta koma ɗumi. Rana ta biyu haka. A rana ta uku Umma ba ta dubi inda iskar ke fitowa ba, ƙafafun surukarta ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ja numfashi ta ce ita dai ba ta ce komai ba.

Baba ya yi iya ƙoƙarinsa, ba za a ci amanarsa ba. Ya sa an ƙara wa esin gas. Ya sa an canja fiyus. Ya sa an ƙara gas a kan gas ɗin da aka ƙara. Duk gyaran da aka yi, washegari da safe zai gwada, motar ta yi sanyi har haƙoransa su kaɗa, ya dawo yana yabon kansa. Ranar awo kuma, a shatale-talen nan, ƙas.

"Ni kaɗai in na fita lafiya lau," in ji Baba, suna zaune a falo. "Abin da mamaki."

"Ba mamaki," in ji Umma. "Wata ƙafar in ta taka ƙanƙara ma sai ta tafasa."

Daga nan shaidu suka yi ta fitowa daga ma'ajiya. A watan da aka kawo Matar Auta ne firji ya mutu. A shekarar ne bishiyar gwaibar tsakar gida ta zubar da 'ya'yanta. Har fankar ɗakin baƙi, wadda ta yi shekara biyu tana kukan neman mai, aka lissafa da ita. Matar Auta tana durƙushe tana goge tebur, cikinta yana tokare mata numfashi, tana jin ana shari'ar ƙafafunta a kan kanta.

Matakin farko, aka ce ta riƙa cire takalmi kafin ta shiga motar. Esi ya ɗauke. Mataki na biyu, aka ce kada tafin ƙafarta ya taɓa ƙasan motar. Haka ta yi tafiyar rabin awa da ciki wata bakwai, ta ɗage ƙafafu sama kamar mai tsallake kwata, cinyoyinta na rawa, hawaye na taruwa tana mayar da su. Esi ya ɗauke. Umma ta ce ashe abin ya wuce ƙafa, ya bi jiki.

Ranar Litinin ta gaba Matar Auta ta fito ta tarar an shimfiɗa guntuwar katifa a bodin motar, a kan ƙurar siminti, tsakanin tsohuwar taya da bokitan fenti.

Ta tattara duk ƙarfin halinta ta ce ko a bar ta ta riƙa hawa motar haya. Baba ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce gidan da yake da mota ba za a ga surukarsa tana tsayar da motar haya a titi ba, me mutane za su ce? Ya ƙara da cewa iskar Allah ta fi ta inji amfani ga mai ciki, wani likita ma ya taɓa faɗa a rediyo. Umma ta ce su da suka haifi bakwai ko sikelin awo ba su sani ba, kuma ga su nan daram. Ta miƙa mata lema, don a san ba mugunta ba ce. Kafin su kai ƙarshen layi iska ta juye lemar ciki ya koma waje.

Da ta kira Auta ta gaya masa, sai ya kira ta da sunan da yake kiranta tun suna saurayi da budurwa, lokacin da yake rantsuwa ko ƙuda ba zai bari ya sauka a kanta ba.

"Tauraruwata, ki yi haƙuri. Kin san halin Umma. Saura wata biyu ne fa."

Ta so ta ce masa tauraro ma da rana ɓuya yake yi. Ba ta ce ba. Son da take masa irin wanda yake sa mace ta nemo wa mutum uzuri ne tun kafin ya nemo wa kansa. Ta ce to, ta ajiye wayar, ta rufe fuska da mayafi.

A bayan motar ne ta koyi abin da duk masu ƙara gas ba su koya ba. Takan jingina bayanta da jikin ɗakin direba, don nan ne kawai ake samun inuwa mai faɗin tafin hannu, sai motsin injin ya riƙa ratsa ƙashin bayanta. Ta gane yadda yake nishi in esi yana ja, ta gane yadda yake sakin jiki in ya ɗauke. A ranar farko da ta hau baya, suna shiga cunkoson shatale-tale, ta ji shi sarai. Ƙas. Injin ya saki.

Ta juya ta leƙa ta gilashin baya, tana jira a sauke tagogi, a tsaya, a ce mata dawo gaba, mun zalunce ki.

Ba a sauke ba. Ta ga Baba ya saci kallon Umma, Umma ta kafe idonta a titi. Ta ga zufa ta tsattsafo a ƙeyar Baba, ta gangara ta shige wuyan rigarsa. Ta ga hodar Umma ta soma yin hanyoyi. Da Umma ta hango idon surukarta a madubi, sai ta jawo mayafi ta ƙudundune kafaɗunta kamar mai jin ɗari. A ƙofar asibiti ta sauko tana haki, ta ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, yau kam sanyin har cikin ƙashi. Baba ya ce ƙwarai kuwa, rigarsa ta manne masa a baya kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Haka aka yi sati biyar. Biyu a gaba suna dahuwa a rufe, ɗaya a baya tana gasuwa a buɗe, duk don kada magana ta faɗi ƙasa.

Ƙafafun da ake zargi suka kumbura har takalmi ya daina shiga, sai silifas ɗin Auta take ja. Zoben aurenta ya nutse a yatsa, da sabulu aka fitar da shi. Kanta yakan sara tun daga ƙeya, wani lokaci ta ga tartsatsi yana yawo a idonta. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ɗan da ke cikin, wanda da yake harbinta kamar mai neman faɗa, yanzu sai ta daɗe da hannu a mara kafin ta ji ya ɗan motsa, a gajiye.

Nas ta duba awon jinin ta sake dubawa, ta tambaya yaya ake kawo ta. Kafin Matar Auta ta buɗe baki Umma ta ce a motar gida, daga ƙofa zuwa ƙofa, ko taku goma ba ta yi. Nas ta ce to a riƙa kawo ta da safe kafin rana ta yi zafi. Da aka gaya wa Baba ya ce safiya ta magina ce, kwaɓaɓɓen siminti ba ya jiran kowa, ciki kuwa wata tara yake jira.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, wata tirela ce ta lalace a bakin shatale-tale, motoci suka tsaya cik. Ƙarfen bodin ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Matar Auta ta ji ƙas ɗin tun da daɗewa. Tana kallo ta gilas, ta ga kan Umma yana lilo, ya yi gaba, ya yi baya, sai ya tafi gaba ɗaya ya jingina da taga. Baba bai lura ba, yana ta danna wa tirela hon. Ita ce ta dunƙule hannunta mai kumburi ta yi ta dukan rufin motar har ya waiwaya.

Ya gangara gefen titi a rikice, ya tsaya a gaban wata rumfar kwano inda wani dattijon bakanike yake zaune a kan benci. Ƙanƙara ake ce masa, don gyaran esi ne sana'arsa tun gashinsa yana baƙi. Shi ya buɗe ƙofar Umma, zafin da ya fito ya buge shi har ya ja da baya. Aka kwantar da ita a bencin, aka yayyafa mata ruwa, Baba yana yi mata fifita da kwali. Da ta buɗe ido, Ƙanƙara ya tambayi abin da ya sa aka rufe tagogi a irin wannan rana.

Baba ya ce ai esi a kunne yake.

Dattijon ya sa hannu a bakin iskar, ya ji zafi take hurowa, ya dubi Baba. Sai a lokacin ya lura da mace tana saukowa daga bodi da baya da baya, tana lalube da ƙafa, ga ciki a gaba. Ya jawo mata kujerarsa ta roba ya ajiye a inuwa.

"Alhaji, yaushe yake ɗaukewa?"

Baba ya yi gyaran murya ya ce sun lura dai in yarinyar nan ta shiga ne.

"Yaushe take shiga?"

Baba ya ce in ya gama aikinsa, wajen ƙarfe biyu.

"Wato bayan motar ta wuni tana yawo a rana." Ƙanƙara ya juya wajen Matar Auta. "'Yata, ke da kike baya, kina jin injin?"

Ta dubi Baba. Ta dubi Umma, wadda ta tashi zaune tana zare mata ido. Sannan ta ji ɗan cikinta ya yi wani motsi mai rauni, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya fid da rai za a buɗe.

"Ina ji, Malam. In mota ta yi zafi aka tsaya a cunkoso, sai ya yi ƙas, injin ya saki."

"Ko kina gaba ko kina baya?"

"Ko ina gaba ko ina baya. Sati biyar ke nan kullum sai ya ɗauke."

Ƙanƙara ya ɗaga bonet, motar tana kunne, ya nuna wa Baba kwamfuresa, injin da ke harba gas ɗin sanyi. Bel yana juya ƙafarta, amma faifan da ke gabanta yana tsaye. Ya ɗauko sandar tsintsiya ya ɗan ƙwanƙwasa faifan. Ƙas. Ya kama, ya shiga juyawa. Kafin a ƙirga ashirin sanyi ya soma fita ta ƙofar da aka bari a buɗe.

Ya yi bayani a hankali, kamar mai koya wa yara karatu. Maganaɗisu ne yake jawo faifan nan. Shekaru sun cinye fuskar faifan, tazarar da ke tsakani ta yi yawa. Da safe maganaɗisun yana da ƙarfi, sai ya jawo shi. In ya yi zafi ƙarfinsa ya ragu, da zarar ya saki ba ya iya sake kamawa. Ko limami aka ɗauka ƙarfe biyu, in ji shi, haka za ta yi.

Ya kashe motar, ya kwance ƙusa ɗaya, ya zare faifan, ya cire wani ɗan zoben ƙarfe daga bayansa, siriri kamar farce, ya mayar da komai. Ko minti goma bai yi ba. Ya goge zoben a rigarsa ya ɗora a tafin hannun Matar Auta.

"Ga mai laifin. Ki ajiye." Ya dubi fuskarta da kyau, muryarsa ta canja. "Alhaji, ni ba likita ba ne, amma na aurar da 'ya'ya huɗu. Kada ka tsaya ko'ina sai asibiti."

Baba ya ce dama shi tun farko zuciyarsa ta ba shi faifan nan ne. Umma ta ce ita ai ba ta taɓa kama sunan kowa ba, kowa shaida ne. Ta shiga motar tana nishi, ta miƙe ƙafafu a kan doguwar kujerar, ta ce tunda ba ta da lafiya sai ta kwanta, yarinya ta ƙarasa a baya, ai an kusa.

Matar Auta ta tsaya riƙe da ƙofar. Shekara biyu ba ta taɓa haɗa ido da matar nan ba.

"Umma, ku matsa."

Ba ta ɗaga murya ba. Umma ta dubi Baba, Baba ya dubi sitiyari, Ƙanƙara kuma yana tsaye da sandar tsintsiyarsa yana kallon su duka. Umma ta janye ƙafafunta. Tsohuwar ce ta zauna a tsakiya ranar, ta karkace saboda giya.

Nas tana ganin awon ta kira likita, likita ya ce ba za a jira gobe ba. Kafin la'asar ta wuce aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, ƙarama kamar 'yar tsana, aka sa ta a kwalba da wayoyi a ƙirjinta. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da labarin ya zama wani.

Washegari da hantsi Auta ya iso da ledar tuffa da jajayen idanu. Ya tarar kowa ya riga ya wanke kansa tas. Baba yana ba masu dubiya labarin yadda ya keta cunkoso ya ceci rai biyu. Umma tana cewa ita ce har suma ta yi saboda tashin hankalin halin da surukarta ke ciki. Ba a zalunci kowa ba a gidan nan. Ba a taɓa yi ba. An dai yi sati biyar ana ba wa mai ciki iskar Allah, kuma zoben ƙarfe ba shi da bakin da zai kai ƙara.

Aka turo Matar Auta a keken marasa lafiya zuwa tagar ɗakin jarirai. Auta ya durƙusa a gefenta yana kiran tauraruwarsa, yana cewa komai ya wuce, a yafi juna. Tana son sa har yanzu, abin haushin ke nan. Muryarsa kaɗai ta isa ta karya mata zuciya. Har ta buɗe baki za ta ce to, irin to ɗin da ta saba, sai idonta ya faɗa kan Umma. Tsohuwar ta manna goshi da gilas. Ba fuskar jikarta take kallo ba. 'Yan ƙafafun take kallo, masu tsawon ɗan yatsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja numfashi.

Matar Auta ta kwance bakin mayafinta, ta ciro zoben ƙarfen, ta sa a hannun mijinta ta naɗe yatsunsa a kai.

"Mene ne wannan?" in ji shi.

"Farar ƙafata ce. Bakanike ya ciro ta." Ta share idonta da bayan hannu. "Bai san ni ba, bai san sunana ba, amma ya tambaya. Kai sati biyar ina kiranka, ko sau ɗaya ba ka ce yaya aka yi ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da za a sallame su shi da kansa zai tuƙo motar, ita da jaririya a gaba, esi a kunne.

"A'a," ta ce, idonta a kan 'yarta. "Ka zo da motar haya. Ni zan gaya wa direba inda za mu."